Ƙahon da Ke Hannun Gavril

Da la'asar sakaliya Toader ya ɗebo ruwa a rafi ya nufi rumfar aiki. Gobe kwana arba'in da rasuwar yayansa Gavril, kuma gicciyen da zai kafa masa a kabari bai kammala ba.

A dajin bayan ƙauye aka tsinci Gavril cikin ƙanƙara, rungume da tsohon ƙahon barewa mai rassa, baƙi wuluk. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa. Mahaifiyarsu Paraschiva ta ce abin da aka samu a hannun mamaci da shi ake binnewa, in ba haka ba ba zai kwanta ba. Toader ya ce to, ya ɓoye ƙahon. Sassaƙar ƙaho ce sana'arsu su biyu, ƙotar wuƙa da maɓallai, shi kuma so yake yayansa ya sami gicciyen ƙaho fari fat daga hannunsa.

Kwana uku yana gurza da sabulu da buroshi. Saura jiƙo na ƙarshe, a ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, wanda ke sa abu ya yi fari. Ya dulmiya ƙahon. Kumfa ta taso.

Sai karensa ya shige ƙarƙashin benci.

Warin jiƙaƙƙen gashi ya cika rumfar. A bayan bangon katakon rumfar wani abu yana numfashi, mai nauyi, can sama da kan mutum.

"Malalaci," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Har yau ba ka iya wanke lungun reshe ba."

Muryar Gavril ce. Toader ya nufi ƙofa.

"Yaya, shigo in gan ka."

"Kada ka buɗe, ƙane. Mai ƙahon yana bayana. Ya ce sai an mayar masa zai bar ni in wuce. Miƙo ta taga, ka kau da kai."

Toader ya tsamo ƙahon yana ɗiga. Ya miƙa. Amma bai kau da kai ba.

Bai ga yayansa ba. Ido ya gani, ƙato, da huci mai tururi.

Wani abu ya cafke hannun rigarsa ya ja. Kafaɗarsa ta daki katako. Aka sake ja.

"Sake shi!" in ji muryar Gavril. "Ni ka riƙe, ba shi ba."

Rigar ta yage. Toader ya faɗi da baya, kwanon jiƙo ya kife a kansa. Ya ji kofato yana nisa, da takun takalmi a bayansa, ɗingis-ɗingis irin na Gavril.

Washegari gicciyen katako suka kafa. Paraschiva ta ce daren nan ne na farko da ba ta yi mafarkinsa ba, ta gode wa Allah.

Toader ya shafa kansa. Gashin goshinsa ya yi fari inda ruwan ya zuba. Ya sani Gavril ya wuce. Duk da haka, rana na faɗuwa yakan zauna a rumfar, ya gurza aiki a karkace da gangan, ko za a sake zaginsa.