Farin Layi a Yatsan Celina

Odete ce ta fara gani. Kullum ita ke fara gani.

Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci muna cin miyar ganye da burodi mai zaƙi a kicin ɗina. Tun da matata Lurdes ta rasu bara, yayata Odete ke saukowa daga hawa na biyu ta yi mana girkin Lahadi. Celina, yarinyar da ɗana Duarte zai aura, tana hawa na uku da mahaifiyarta. Shi Duarte yana teku. Shi ke kula da injin jirgin kamun kifi, in sun bar garinmu New Bedford sai su yi kwanaki waya ba ta shiga.

Celina tana ci tana haddar maganarta, don ranar Alhamis za ta je intabiyun neman aiki a Boston, na farko tun da ta gama kwaleji.

"Sunana Celina, na karanci akanta, ina son aiki da jama'a... Kai! Baba Armindo, ya ka ji? Ban yi kama da rediyo ba?"

"Kin yi kama da mai tallar inshora," na ce.

"Ai kamfanin inshorar ne!" Ta kwashe da dariya, ta miƙo hannu za ta ɗauki burodi.

Sai na ji Odete ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na bi idonta. Yatsan Celina babu komai, sai wani farin layi inda rana ba ta taɓa ba.

Zoben Lurdes ne ba ya wurin. Ni na saka mata shi a coci ranar aurenmu muna matasa, bai bar jikinta ba sai a gadon asibiti, inda ta zare shi ta danƙa wa Duarte ta ce, "Ka ba Celina."

Yarinyar na hawa sama, Odete ta ajiye cokali.

"Mindo, ka gani ko sai na ara maka tabarau?"

"Wataƙila wanke-wanke ta yi, Yaya."

"Wanke-wanke! Tun ranar Juma'a take wanke-wanken? Kai dai kifi kaɗai ka iya ganewa in ya fara wari. Yarinya ta samu digiri, ɗanka kuwa baƙin mai ne a farcensa. Me za ta yi da shi a Boston?"

Na ce ta bar maganar. Amma ni ban bar ta ba.

Washegari Odete ta sauko da wayarta. Ni ban iya waɗannan abubuwan ba, aji shida na yi na bi babana teku. Ta nuna min shafin Celina na intanet. Hotunanta da Duarte a bakin ruwa, da na ranar baiko, da wanda yake ɗaga ta sama tana ihu, duk babu su. Saura hoto ɗaya, ita kaɗai cikin baƙar kwat, tana murmushin da ban san ta da shi ba.

"Kira lambarta ka ji," in ji Odete.

Na kira, ba ta ɗauka ba. Da can muryoyinsu biyu ake ji, suna wasa suna cewa a bar saƙo. Yanzu sai wata murya a sanyaye, kamar ta banki.

Ranar Talata na hau gyara famfon hawa na uku. Ƙofar ɗakinta a rufe, ina jin muryar namiji daga kwamfuta.

"A ina kike ganin kanki nan da shekara biyar?"

"A Boston," ta ce, "tare da ku."

Na ajiye kayan gyaran. Na tsaya ina jira ta ambaci aure, ta ambaci Duarte. Ko sau ɗaya. Da ta fito, na ga ta shafa hoda a kan farin layin nan don ya ɓace.

"Wa kike magana da shi?" na tambaya.

"Wani malami ne daga ofishin kwaleji, Baba. Gwaji muke yi, shi ne kamar mai ɗaukan aikin."

"Uhm," na ce.

Da na faɗa wa Odete sai ta tafa hannu. "Gwaji! Ai kuwa gwaji ne. Mindo, in za ta tafi ta tafi, amma kada zoben Lurdes ya ƙare a shagon 'yan gwangwan. Ka karɓo shi kafin yaron nan ya dawo a yi masa dariya a bakin tashar jirgi."

Ranar Laraba da yamma na hau. Na same ta tana goge kwat ɗin, takalma sababbi a kan kujera.

"Baba Armindo! Gara da ka zo. Wace riga zan sa a ciki, fara ko shuɗiya?"

"Ina zoben matata?"

Ta ajiye dutsen guga a hankali.

"Yana nan, Baba."

"Ba ya hannunki. Kin share hotunan ɗana, kin cire muryarsa, kina shafa wa yatsa hoda. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma ba makaho ba ne. In kin fi ƙarfinsa yanzu, ba ni abina."

Idanunta suka cika. Na ɗauka za ta yi min tsawa, don da ni ne da na yi. Ba ta yi ba.

"Baba, kowa haka yake yi. Masu ɗaukan aiki suna duba shafin mutum kafin su gan shi, shi ya sa na ɓoye hotunan, ban share ba. Zoben kuma, 'yan ajinmu da suka riga ni suka ce in cire. In sun ga zoben baiko sai su lissafa: aure, ciki, hutun haihuwa. Sai su ɗauki wani."

"Ai doka ta hana su tambaya. Wannan ko ni na sani."

"Ba sa tambaya, Baba. Kallo kawai suke yi."

"Kowace tambaya kina da amsarta. An koya miki da kyau."

Wannan maganar ce ta sa hawayen suka zubo. Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wata siririyar sarƙa, ta kwance, ga zoben a jikinta, ta sa min su a tafin hannu.

"Na Mama Lurdes ne. Kai ka fi ni iko da shi," ta ce. "Don Allah kada dai ka ce na raina Duarte. Don ya daina fita teku da hunturu nake neman aikin nan."

Taurin kai ya sauko da ni da zoben a hannu. A tsakiyar matakala na tsaya. Zoben da ɗumi. Ɗumin jikinta. Wadda ta gaji da zobe a aljihun tebur take jefa shi, ba a kan ƙirjinta take kwana da shi ba.

Sai maganarta ta dawo min: kallo kawai suke yi. Na taɓa jin wannan. Lokacin da Lurdes ke da cikin Duarte tana aiki a masana'antar ɗinki, ƙatuwar rigar aikina take sawa don kada shugaban ma'aikata ya gane ya sallame ta. Ina mata dariya, tana cewa, "Kai ba ka san idonsu ba, Mindo." Ita ma a jikin zare take rataya zoben a wuya in za ta tafi aiki. Ni da idona na sha gani. Baƙin cikin rashinta ya sa na riƙe zobenta na manta halinta.

Odete na leƙowa daga ƙofarta. "Ka karɓo?"

"Shiga ciki, Yaya," na ce. "Mun yi abin kunya."

Da safiyar Alhamis na tada mota na jira a ƙofar gida. Ta fito cikin kwat, idanu a kumbure, za ta wuce.

"Shigo in kai ki tashar jirgin ƙasa, 'yata."

Ta shigo. Da muka isa tasha na tsaya. Na fito da zoben da sarƙarsa.

"Na zalunce ki. Ki yafe min. Ki mayar da shi wuya, Lurdes ma haka ta yi."

Ta karɓa. Sai ta zare shi daga sarƙar, ta goge hodar da gefen hankici, ta zura shi a yatsa.

"A'a, Celina, kada ki rasa aikin saboda ni!"

"Ba saboda kai ba ne, Baba. Duk gwajin da na yi, babban yatsana na ta laluben wurin, sai in manta amsa. In ba sa so na da shi, gara in sani yau." Ta share ido ta yi murmushi, nata na gaske. "Farar rigar na sa. Ta yi?"

"Ta yi. Je ki, mai tallar inshora."

Ba su ɗauke ta ba. Ba mu san dalili ba, ba za mu taɓa sani ba, kuma na daɗe ina jin nauyin abin. Ba ta taɓa yi min gori ba. Ta ci gaba da neman aiki da zoben a hannunta, har kafin sanyi ya shigo wani kamfani a Providence ya kira ta, kusa da gida ma. Bana Duarte a tudu yake gyaran injuna.

Ranar da ya dawo daga teku a wancan makon, ya tambaye ta me ya faru bayansa. Ni da Odete muka sunkuyar da kai a kan miya.

"Babu komai," ta ce. "Baba ne ya kai ni tasha."

Har yau bai sani ba. Ku iyaye, ku ji daga bakin wanda ya yi: in zargi ya shiga zuciya, duk abin da ido ya gani sai ya zama shaida. Ku tambaya tukuna, kuma in an ba ku amsa ku saurara. Ni na tashi kare zoben Lurdes, saura ƙiris in kori wadda Lurdes ta zaɓa da bakinta. Haƙurin yarinyar ne ya riƙe gidan nan, ba wayona ba.