Tabon Da Ke Ƙasan Katifar Juwairiyya

Da hantsi Mode, wani mai sayar da albasa, ya shigo ofishin 'yan sanda na Bodinga ya ce matarsa Juwairiyya ta ɓata. Ya dawo daga fatauci bai tarar da ita ba. Yayarsa Ramatu, wadda ke zaune a gidan tana jinyar tsohuwarsu, ta ce masa yaji ta yi, ta tafi gidansu a Shagari.

"To me ya hana ka bi ta can?" in ji Sufeto Sama'ila.

"Yallaɓai, wayarta tana nan bisa keken ɗinkinta. Ko maƙwabta za ta shiga ba ta barin ta."

Sufeto ya ɗauki Kofur Amina, suka bi shi.

Gidan tsit yake, ko kukan kaza babu. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ya cika tsakar gida. A bakin wani ɗaki wata tsohuwa makauniya ce zaune, tana karkata kai kamar mai sauraron magana daga nesa.

"Inna, ina wuni?" Sufeto ya gaishe ta.

"Ba ta tahi ba," tsohuwar ta ce. "Ina jin ta nan kusa."

Ramatu ta fito da sauri tana gyara lulluɓi. "Ku ƙyale ta, yallaɓai. Hankalinta ya daɗe da gushewa."

Ɗakin Juwairiyya a share yake fes. Amina ta ɗaga katifa ta juya ta. A ƙasanta akwai wani faffaɗan tabo baƙi, ya bushe ya yi ɓawo.

"Wannan fa?" in ji Sufeto.

Ramatu ta rage murya. "Abin mata ne. Al'adarta ce ta zo mata da yawa."

Mode ya kawar da kai. Shi kansa Sufeto ya ji nauyin ƙara tambaya, kuma wannan nauyin ne bai kwanta masa ba. Magana ce mai rufe bakin kowane namiji.

"Kofur, yanki wurin a kai gwaji Sakkwato."

A Shagari mahaifin Juwairiyya ya rantse rabon da ya ga ɗiyarsa tun sallah. Ƙanwarta Hafsat ta leƙo daga bayan ƙofa.

"Ta kira ni ranar da suka ce ta taho. Azumin ramuwa take yi, har tana cewa ƙishirwa ta dame ta."

Sufeto da Amina suka dubi juna. Mace mai haila ba ta azumi.

"Yana iya zuwa mata daga baya, yallaɓai," Amina ta ce a mota.

"Haka ne. Mu ji ta bakin likita."

Dokta Sa'adatu, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Jinin haila ba jini ne zalla ba, Sufeto. Yana fitowa haɗe da shimfiɗar cikin mahaifa da ta saki, da majina. Kuma jiki na sakin wani sinadari da ke narkar da daskarewarsa, shi ya sa yake gudana. Ko an ga gudaji a cikinsa, ba irin na rauni ba ne. Jinin da ke zagaya jijiyoyi kuwa, da ya fito yake kamawa."

"Wannan fa da muka kawo?"

"Na duba shi a madubin likita, ban ga ko alamar shimfiɗar mahaifa ba. Sinadarin ma gwaji bai nuna shi ba. Ya daskare kamar yadda jinin rauni ke yi." Ta cire tabarau. "Ga kuma 'yan silin gashin kai a maƙale ciki."

Da la'asar suka koma gidan. Tsohuwar tana nan inda suka bar ta, sai dai ta juya fuskarta ga ɗakin ajiyar albasa da ke ƙarshen gida. Amina ta durƙusa za ta gaishe ta, ta kama hannunta, sai ta tsaya cak. Sawun igiya ne kewaye da wuyan hannun, wani ya warke, wani ɗanye.

"Wa ke ɗaure ki, Inna?"

Tsohuwar ta janye hannunta.

Sufeto ya nufi ɗakin ajiyar. Sabon kwaɗo ne a ƙofar, ƙudaje sun yi baƙi a jikin katakon, suna shiga ta ƙasa suna fita.

"Ramatu, makulli."

"Ya ɓace, yallaɓai. Albasa ce ta lalace."

"Likita ta ce jinin nan daga kan mutum ya fito. Za ki buɗe, ko mu ɓalle?"

Ta dubi ƙanenta, ta dubi ƙofar. Sai ta kwance haɓar zanenta, makullin ya faɗo ƙasa.

Ba su yi nisa da janye albasar ba, gefen tabarma ya bayyana, sannan ƙafa mai lalle. Mode ya yi salati ya zube.

"Ta tarar ina ɗaure Inna," Ramatu ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "In ban ɗaure ta ba fita takan yi, ni kuma na gaji. Shekaru ni kaɗai. Tac ce sai ta gaya ma Mode. Na bi ta ɗaki da taɓarya, don in tsorata ta kawai. Sau guda na buga."

Amina ta sa mata ankwa. Har sun kai zaure, Ramatu ta tirje ta waiwayo.

"Inna ba ta cin tuwo in da zahi," ta ce wa ƙanenta. "Sai ka hura mata."

Mode bai ɗago ba. Aka fita da ita.