Ko Ni, Ko Bavariya

"Ka zaɓa, Mahir! Ko ni, ko Bavariya!"

Muhibbat ta faɗa a zauren gidansu, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Mahir malamin tarihi ne a jami'a a nan Lafia. An ba shi gurbin karatu a birnin Munich, ya je ya yi bincike kan tsohuwar masarautar Bavariya ta ƙasar Jamus. Tun ranar aka dakatar da maganar aurensu.

"Haba Muhi, me ya yi zafi?"

"Wace ce Doris?"



"Kamila ce ta gaya miki?"

Ita ce kuwa. Kamila 'yar baffansa ce, ta daɗe tana sonsa. Ita ta biyo Muhibbat har shagon ɗinkinta, ta ce wata Baturiya mai suna Doris na kiransa kullum, can zai yi aure.

Bai yi musu ba. Wayarsa ya ɗauko ya kira Doris ta bidiyo.

Wata tsohuwa ce ta bayyana, kai fari fat, jikanta a cinya.

"Ga Farfesa Doris, mai duba aikina."

Muhibbat ta rufe fuska da mayafi.

"Yi haƙuri, masoyina..."

"Ya wuce. Saura Baba."

Alhaji Badaru, mahaifinta, dillalin doya ne, ba ya son dogon turanci. Yana kishingiɗe a tabarma suka shiga.

"Malam Mahir, masarautar nan da kake bi, akwai sarki a cikinta?"

"Babu, Baba. Tun 1918 sarkin ya bar gadon, sarautar ta ƙare."

"To me za ka tono a kabari, har 'yata ta zauna jiranka?"

"Baba, sarauta ta tafi, amma mutanen ba su bar sunansu ba. Har gobe da irin maganarsu da tufafinsu, kowa na kiran kansa ɗan Bavariya. Dalilin nake nema."

Alhaji ya tashi zaune. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Mu ma tun kakan kakana muka baro Barno. Ko gaisuwar Barbarci ban iya ba, amma ka taɓa jin an kira ni wani abu ba Babarbare ba?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To je ka tono. Amma 'yata ba ta jiran kowa."

Muhibbat ta ɗago kai da sauri.

"Baba...!"

"Ke, bari in gama! Jumma'ar nan za a ɗaura. Ka tafi da matarka."