Mai Tsumma

Ranar da Auta ta fara ganin wani ɗalibi ɗan'uwanta a ajin koyon fentin ado, yana dangwala tsumma a fenti yana dannawa a bango kamar mai gasa kumburi. Ta taɓe baki. Ita fa 'yar mai fenti ce, babanta shekara arba'in yana riƙe da buroshi.

"Malam, goge bangon kake yi ko ɓata shi?"

"Ki dawo in ya bushe," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Da ya bushe sai bangon ya fito kamar marmara. Haushi ya sa ta laƙaba masa Mai Tsumma. Kafin wata uku kuwa, mai rainin nan ita ke wanke masa tsumman, shi yana kiranta Launina.

Baba da ya ji zancen aure sai da ya yi dariya har da tari.

"Wanda bai iya ja layi ba? Ga ɗan mai shagon fenti yana sonki, ki kawo mini mai goge-goge? To, ya zo ya yi mini bangon falo. In na raina aikin, magana ta mutu."

Mai Tsumma ya zo ya yi shafin farko, dabbare-dabbare kamar yadda aka koya musu, ya tafi ya bar shi ya sha iska. Baba ya shigo ya gani, ya ja tsaki. Ya ɗauko buroshinsa ya bi bangon nan kaf da fari, sumul.

Auta ta shige ɗaki, hawaye na ɗiga a kan waya.

"Baba ya shafe aikinka. Wai ya rufa maka asiri. Shi ke nan, mun rasa juna."

"Share hawayenki, Launina. Farin ya bushe?"

Washegari ya dawo. Ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannu, sannan ya durƙusa.

"Baba, tun da na fara koyo ban taɓa samun shimfiɗa irin wannan ba. Ko malaminmu bai iya ba. Ka bar ni in ɗora a kai."

"Ɗora shirmenka," in ji Baba, amma ya jawo kujera ya zauna.

Shuɗi ya hau fari, toka-toka ya bi baya, tsumma na murzawa. Da rana ta leƙo ta taga, bangon ya ɗauki sheƙi. Auta na bayan labule tana leƙe.

Baba ya kira maƙwabta. "Ku zo ku ga shimfiɗata! Yaron ya ɗan shafa tsumma a sama."

Ranar ɗaurin aure, a gaban bangon ya zaunar da su.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Na ba ka ita ne don gidanka ya samu mai iya riƙe buroshi."

Sai ya matso kusa da angon, ya rage murya. "Wai tsumman nan, jiƙa shi kake yi tukuna?"