Ɗakin da Karatu Bai Kai Ba

Magariba ta kawo jiki a Orozo lokacin da dutse ya faɗo kan kwanon gidan Nuraddeen. Wani ya biyo baya. Sai gidan ya yi tsit.

Nuraddeen mutumin kwamfuta ne, irin masu rubuta umarni a baƙin allo. Ya haɗa manhaja mai tura ayyuka da yawa lokaci guda, ba mai jiran wani, ya sake ta kyauta a intanet. Da ita yake kunna Suratul Baƙara a sifikun ɗakunansa biyar kowace yamma. Allo ya ce "An gama", shi ke nan, oga ya miƙe ƙafa. Bayanin amfani da ita kuwa layi uku ne kacal, wai dogon rubutu ɓata lokaci ne.

Kwana uku ana jifa. Ran na huɗu 'yarsa Ameera ta daina amsa sunanta, ta zauna a ɗakinta tana kallon bango. Tsoro ya kama shi ba kaɗan ba. Ya ɗauko Malam Umar Farouk, mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Ba zaɓarta na yi ba. Karatu ya kore ni daga falo, ya kore ni daga kicin. Nan kaɗai na samu shiru, sati uku."

"Wallahi ƙarya ne!" in ji Nuraddeen. "Kullum allo na cewa an gama!"

Ya duba. Ashe sifikar ɗakin ta daɗe da katsewa. Aikinta ya mutu shi kaɗai, manhajar ta haɗiye kuskuren ba ta ce uffan ba.

Aljanin ya roƙi a bar masa bayan ƙofa. Malam ya ce ko kusurwa.

"To, zan fita," in ji muryar. "Ba na rasa masauki. Gida nawa suka ɗauki abin nan naka, maigida? Ai wani ɗakin ma shiru yake, masu shi ba su sani ba."

Ameera ta yi atishawa. "Abba, ƙishirwa."

Nuraddeen ya ba ta ruwa, ya jawo kwamfuta, ya rubuta saƙon da ya kamata manhajar ta riƙa nunawa tun farko: "Karatu bai kai ɗaki kaza ba. Sifika ta katse. Tashi ka je ka karanta da bakinka."

Sannan ya tuna ƙanwarsa Sumayyah, mai jego, wadda shi da kansa ya saka wa manhajar. Ya kira ta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.