Ƙararrawar da Muka Binne a Kwanar Tsamiya

Duk mai bin gangaren Kwanar Tsamiya da safe zuwa cikin Bolari ya san mutumin nan mai yagaggiyar babbar riga, wanda ke ɗebo yashi a hularsa yana zubawa a tsakiyar titi. Mutane suna ce masa Kansila. Ba zolaya ba ce, ya taɓa zama kansila na gaske, sunansa Shu'aibu. Ni idan na iso wurin sai na sunkuyar da kai na ƙara taka keke, domin a bayan kekena na goya shi na kai shi inda ya sayar da hankalinsa. Shekara uku ke nan ina haɗiye wannan magana, ta ƙi wucewa.

Shu'aibu mai gyaran keke ne, a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa, Baffa Hamman. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu keke mai ƙafa biyu, ni kuma, Abdulrashid, sakatare. A cikinmu akwai masu burodi, masu kai kindirmo, masu jarkar ruwa, da tsofaffin masinjoji. Tsakaninmu da direbobin tasha ba a ga maciji. Su suna cewa ba mu da lamba, ba mu da takarda, muna yanko titi kamar awaki. Mu muna cewa suna matse mu sai mun faɗa kwata. Tsakani da Allah kowa da nasa laifin, don rabin mutanenmu da silifa suke taka birki. Sai dai in aka yi karo, ban taɓa ganin an ɗauki direba a makara ba.

Muna da wata al'ada. Idan mota ta kashe ɗan ƙungiya, akan kai kekensa rumfar Shu'aibu, ya miƙar da shi, ya gyara kyauta, a mayar wa iyalin mamaci cif, ko ƙusa ɗaya ba a ragewa. Haka aka kai keken Emma mai burodi, ranar da tifa ta gangaro ta niƙe shi a kwanar. A gaban gawarsa Shu'aibu ya yi wa matarsa Theresa alkawari cewa in ya ci kansila, sai ya sa an yi tudun rage gudu a wurin. Ya taɓa tsayawa takara ya faɗi, domin direbobi sun goyi bayan nasu, suka yi ta jigilar masu zaɓe. Wannan karon ya ce min ko ta halin ƙaƙa sai ya ci. Ni kuma, mai dogon baki, na ce na ji labarin wani boka a bayan duwatsu.

Da rana tsaka muka isa, bayan tafiyar awa biyu. Bukka ce guda a gindin busasshiyar kuka, ko tsuntsu babu a kanta. Muka sunkuya muka shiga, sai warin kwalta mai zafi ya tare mu. An shimfiɗe ƙasan da fasassun gilasan mota. A jikin bango kuwa takalma ne rataye, wari-wari, babu mai ɗan'uwa: silifa, sandal na makaranta, takalmin roba na manomi. Na daɗe ina kallo kafin na gane irin waɗanda ake tsinta a bakin titi ne bayan an kwashe mutane. Bokan siriri ne, fes da shi cikin farar riga, muryarsa a sanyaye kamar ta mai sayar da turare.

Ya ce, "Kujera kake so ko dukiya?"

Shu'aibu ya ce, "Kujera, ranka ya daɗe. Ina so na yi wa mutanena tudu."

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Mai son tudu ba ya zuwa nan. Lebura biyu da siminti sun ishe shi. Sake faɗa."

Shu'aibu ya dubi baƙin mai da ya kama farcensa. Can ya ce, "Na gaji. Na gaji da yaron da na haifi kamarsa ya watsa min ruwan kwata da tayar mota ya wuce. Ina so ni ma a kauce min."

"Yauwa. Ka zo da abin mamacin?"

Shu'aibu ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙararrawar keken Emma. Ni ban san ya cire ta ba. Ashe ya riga ya yi tambaya a kan wurin nan fiye da ni, ya san abin da ake zuwa da shi.

Bokan ya tsaga masa babban yatsa da gilashi, ya ɗiga jinin a cikin ƙararrawar, ya kamfato narkakkiyar kwalta daga baƙar tukunya ya cika ta taf. Ya ajiye ta a ƙasa tsakaninmu. Ƙararrawar da aka toshe da kwalta, babu hannun kowa a kanta, ta yi ƙara sau ɗaya. Takalman bango suka motsa.

Ya ce, "Ya karɓa. Akwai mai zama a kwanar nan, kullum da yunwa yake. Ka binne wannan a gindin tsamiyar ranar Juma'a, lokacin da mutane ke masallaci. Duk ranar da kwalta ta sha jini, za ka ga buɗi. Sharaɗi ɗaya ne. Kada ka bari a yi tudu. In aka rage wa motoci gudu, an rage masa abinci."

"Jinin wa?"

"Na masu keke. Ni ba na zaɓa, kai ma ba za ka zaɓa ba."

"Iyalina fa?"

"Ka saya musu mota mana, Honarabul."

Wallahi murmushi Shu'aibu ya yi, irin na wanda ya ci riba a ciniki. Ni kuwa a nan ya kamata na tashi na fita. Ban tashi ba. Tunanin babur ɗin da Shu'aibu ya yi min alkawari nake yi. Ranar Juma'a, liman na huɗuba, titi fayau, shi yana tono ni ina gadin hanya. Washegari muka mayar wa Theresa keken mijinta. Ta shafa sirdin, ta dubi hannun keken, ta ce, "Shugaba, ina bel ɗin? Da shi yara ke gane ya dawo." Ni na buɗe baki na ce mata ta ɓace a wurin hatsarin.

Shu'aibu ya ci zaɓe da ratar da ta ba shi kansa mamaki. Mako biyu da rantsarwa, mota ta kwashe wani mai jarkar ruwa a kwanar. Kafin a yi sadakar bakwai, aka kira Shu'aibu aka ba shi kwangilar da bai nema ba. Ya sayi bas ta farko. Haka abin ya riƙa tafiya, gawa a kwana, sabuwar bas a tasha, kowace da hotonsa manne a gilashin baya. Ya gina bene a Pantami. Direbobin da suka zage shi jiya suka naɗa shi uban ƙungiya, shi ma ya koyi bakinsu. Da kunnena na ji shi yana cewa masu keke ne ba su iya tafiya ba. In mutanenmu suka zo maganar tudu, ni nake tarar su a ƙofa cikin sabuwar shadda, na ce takarda tana kan tebur, ana jiran injiniya. Na sayar da kekena. Gaisuwar tsofaffin abokaina ma daga kan babur nake amsawa.

A gidansa ya kafa doka, babu mai hawa keke. Kowa ya bi, ban da Baffa Hamman. Tsohon ya ƙi tarewa a bene, ya ƙi shiga mota, ya ce warinta na tayar masa da zuciya. Kullum da safe sai ya hau tsohon kekensa daga Bolari ya je ya ga jikarsa Hikima, 'yar shekara bakwai, wadda ba ta da abin so kamar ya ɗora ta a baya. Shu'aibu ya roƙe shi, ya turo dattawa, duk a banza. Daga ƙarshe ya aike ni na cire sarƙar keken a ɓoye na kawo masa. Dubi wauta! Mun cire sarƙa a keken mutumin da ya koya wa rabin garin ɗaura sarƙa. Kafin la'asar ya haɗa wata daga tarkacen rumfa.

Matar Shu'aibu, Delu, ce ta fara jin ƙararrawar. Tana cikin girki sai ta tsaya cak ta ce, "Mai burodi ya zo." A leƙa, babu kowa. Sai kuma a ji an yi hatsari a Kwanar Tsamiya. Sau uku ana haka, ta gane abin da take ji. Ta daina cin abinci, ta riƙa toshe kunnuwa da auduga tana bin ɗakuna tana neman inda ƙarar ke fitowa. Wata rana ta riƙe rigar mijinta a gabana ta ce, "Baban Hikima, me ka binne? Ina jin ta a ƙarƙashin ƙasa." Ya sa aka mayar da ita gidan iyayenta a Jekadafari, aka ce wa mutane iska ce.

Da aka kashe mutum na shida, mutanen unguwa suka gaji da jiran injiniya. Daga maƙabarta suka wuce kwanar da shebur da baro, Baffa Hamman a gaba. Suka jibga jar ƙasa da duwatsu, suka daddaɓe, tudu ya tashi har biyu. Direbobi suka yi ta zagi, amma dole suka riƙa taka birki. Kwana tara babu ko ƙwarzane. A cikin kwana taran nan injin bas uku na Shu'aibu ya buga, aka soke masa kwangila. Ya kira ni, idonsa jawur, ya ce na nemo lebura na share tudun, kuma na faɗa wa mutane ba a yi shi bisa ƙa'ida ba.

Na je. Muna cikin kwasa sai ga Baffa a kan keke, sai ga Shu'aibu a mota. Shu'aibu ɗan fari ne, kuma a al'adar gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin tsohon ya ambace shi ba, sai dai ya ce "wannan yaron". Ranar ya jingine keke, ya taka har bakin gilashin motar.

Ya ce, "Shu'aibu."

Shu'aibu ya sauke gilashi, bai ɗago ba. "Baffa, doka ce. Ba ni na..."

"Ni na wanke gawar mutum huɗu daga nan. Kai ka san abin da ka sani, ni ban tambaye ka ba. Ka bar ƙasar nan inda take."

"Baffa, ka daina bin hanyar nan kawai. Don Allah. Ga mota, ga direba."

"In na daina, 'ya'yan wasu fa?"

Shu'aibu ya ɗaga gilashi. Ya yi min alama da hannu a ci gaba. Tsohon ya juyo ya dube ni, ya ce, "Har da kai, Abdulrashid?" Na miƙa wa lebura shebur.

Washegari motar da ke kai Hikima makaranta ta ƙi tashi. Uwa ba ta gida, uba ya fita tun da sassafe wurin makanike. Baffa ya iso ya tarar da yarinya da jaka a baya tana kukan za ta makara. Ya ɗora ta a keke. Makarantar tana Bolari, babu wata hanya sai kwanar. Bas ɗin da ta gangaro a guje ta kwashe su ta Shu'aibu ce, da hotonsa yana murmushi a gilashin baya. Direban ya rantse ya taka birki, ya ce tudun jiya yake tsammani, da bai gan shi ba sai ya saki ƙafa. A daidai lokacin, in ji mutanen Jekadafari, Delu ta cire audugar kunnenta ta ce, "Ta yi shiru." Daga nan ba ta sake yin magana da kowa ba.

Ni na tsinci sandal ɗin Hikima a bakin kwata, wari ɗaya.

Ana zaman makokin Baffa da Hikima aka bugo wa Shu'aibu waya cewa an dawo masa da kwangila, har an ƙara wata. Ya saurara, ya ajiye wayar a tabarma, ya tashi ba takalmi ya nufi kwanar. Da hannu ya yi ta tonon gindin tsamiya har farcensa ya ciccire. Bai sami ƙararrawar ba. Na koma bayan duwatsu ni kaɗai, na tarar da kukar, babu bukka, babu ko toka. Motocin suka lalace ɗaya bayan ɗaya, benen ya koma hannun wasu, kujerar ta tafi.

Yanzu kullum da safe yana nan yana ɗebo yashi a hula. Ya zuba, mota ta watsa, ya koma ya ɗebo. Direbobi suna hango shi tun daga saman gangare, sai su rage gudu don kada su taka mahaukaci. Shekara uku ba a sake rasa rai a wurin ba. Tudun da ya yi alkawari, ga shi ya yi, da jikinsa.

Kai da ke ganin wani ya tashi dare ɗaya kana jin haushin kekenka, ka ji tsoron Allah. Babu bokan da ke ba da kyauta, kuma abin da ka yarda a yi wa 'ya'yan wasu ya san hanyar gidanka. Kada kuma ka ce kai rakiya kawai ka yi. Ni ma rakiya na yi.

Na koma kan keke, ina kai burodi. Theresa tana cikin masu saye a hannuna, babban ɗanta ne ke hawa keken Emma yanzu. Rannan na sayi sabuwar ƙararrawa na kai mata. Ta juya ta a hannu, ta kaɗa sau ɗaya, ta ce, "Na gode, Sakatare. Kai dai mutumin kirki ne." Na tsaya a ƙofar gidanta da gaskiya a bakina, na ce mata sai gobe.