A Gida Ya Faɗi

"Sun ƙi, Miryeong."

Dukhwan na kwance a gadon asibiti, ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum. Ko kallon budurwar tasa bai yi ba.

"Ban gane sun ƙi ba, Yayana!"

"Hukumar diyyar ma'aikata ba za ta ɗauki nauyin tiyatar ba. Wai wadda ta kawo ni ta ce a matakalar gida na faɗi."

Ita ce ta kawo shi.

Ranar da ƙarfe ya danne shi a filin ƙera jiragen ruwa na Geoje, babanta, ɗan kwangilar da Dukhwan ke yi wa walda, ya hana a kira motar asibiti. Muddin aka sauke tutar "babu haɗari" da ke bakin ƙofa, babban kamfani zai ƙwace kwangilarsa.

"Ɗauke shi a motarki, ki ce a gida ya faɗi. Ai surukina ne, ni zan kula da shi."

Ya kuwa yi iya yinsa, har ciwon ya ci ƙashi, abin ya fi ƙarfinsa.

Daga asibiti gida ta zarce, ta tarar da babanta da kwanon shinkafar da ya kasa ci.

"Baba, zan je in faɗa musu gaskiya."

"Ke! Ma'aikatana fa? Ƙasa za su ci?"

"Ƙafarsa ruɓewa take, Baba!"

"Ki ƙara haƙuri..."

"Haƙurin ne ya kai mu nan!"

Ya ajiye cokali. "In kika je, ba ni ba ke."

Ta so ya daka mata tsawa, da ya fi mata sauƙi. Tana kuka ta fita, ta je ta ba da shaida.

Aka sauke tuta, kwangila ta tafi, Baba ya daina ɗaga wayarta. Ita kuwa hukuma, gaggawar me take? Yau zama, gobe bincike, jibi a sake kiran likita. Kafin su gama shawara, likitoci sun yanke ƙafar don a ceci ransa.

Ranar da hukunci ya fito, ta tsaya a kan Dukhwan.

"Sun... sun amince a yi wa ƙafar tiyata."

Ya dubi inda bargo ya kwanta shafe daga gwiwa.

"Wace ƙafar, masoyiyata?"

Ta durƙushe. "Ka yafe min, Yaya... bakina ne ya jawo!"

Ya shafa kanta, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Kin tuna kin ƙi saya min takalmi? Wai tsofaffi sun ce duk wadda ta ba saurayinta takalmi, guduwa zai yi."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To yanzu ki saya, Miryeong. Ƙafa ɗaya ma ya isa... ba inda zan je."